Yadda Za Ka Samu Matar Aure da Birkin Keke

Matso kusa, ɗan'uwa. Idan yarinyar da kake nema ubanta na cikin dattawan nan da zaman Amurka ya koya wa gangarowa daga kan dutse a keke, kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin sai an shafa fatiha. Ni ne Halilu na Manassas. Ban taɓa gangara dutse ba, amma ɗan ƙanwata Kamal ta hannuna ya bi wannan hanya, kuma yana nan da ransa, kana iya tambayarsa.

1. Ko me aka tambaye ka, ce "Sosai ma"

Ranar da Kamal ya fara zuwa garin Bowie gaida iyayen budurwarsa Aliyya, ko ruwa bai gama sha ba mahaifinta ya ja shi gareji. Dakta Ladan ke nan, likitan zuciya, furfura har a gira. Motocin gidan na waje suna shan rana, kekuna na ciki a rataye kamar naman layya.

"Kamalu, kana hawa kuwa?"

"Sosai ma, Baba."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Duk mako yana hawan keke a gidan motsa jiki, irin wanda aka kafe a ƙasa gaban talabijin. Kai ma haka za ka yi. Ai ba a tambaye ka ko keken na tafiya ba.

2. Koyi zaɓen birki da baki

Birkin waɗannan kekuna ba irin na keken kakanka mai sanda ba ne. Mai ne a cikin siririn tiyo. Ka matsa hannun birki, man ya tura fistan, fistan ya tura wasu 'yan ƙarafa biyu da ake kira fad, su kuma su ciji faifan da ke tsakiyar taya. Ilimin ke nan gaba ɗaya. Sauran gyaran murya ne.

In aka ce wanne ya fi, ce mai fistan huɗu, don mai biyu na zuwa sayen burodi ne. Ce faifai babba, don ƙarami saurin ɗaukar zafi gare shi, birki kuwa in ya yi zafi sai ya yi yaji ya bar ka a tsakiyar gangara. Ce fad na ƙarfe, shi ke jure taɓo da doguwar tafiya. Faɗe su a hankali, kana kallon nesa kamar mai tuna wani abokin da ya rasa a daji.

Zuwansa na biyu Kamal ya zazzage su duka a falo. Dakta ya ajiye kofin shayi, ya ɗaga murya.

"Aliyya! A ina kika samo wannan yaro?"

Aliyya ta san irin keken da saurayinta ke hawa. Daga ƙofar kicin ta galla masa harara. Kada harara ta dame ka. Mace ba ta hararar wanda ba ta so.

3. In aka ba ka aiki, karɓa da hannu biyu

"Birkin bayan nan ya yi laushi," in ji Dakta, yana sauko da mafi soyuwar kekunansa. "In na matsa kamar na matsa soso. Iska ce ta shiga tiyo. Ni kuma satin nan asibiti ya riƙe ni. Tafi da shi ka cire masa iskar, Asabar mu je duwatsun Frederick tare."

Daga cikin mota Kamal ya kira ni.

"Kawu, na shiga uku. Zan kai shi shago kawai."

"Shago? Garin nan da kowa ya san kowa? Kai da kwamfuta ba ta gagare ka ba, tiyo ne zai gagare ka? Kawo shi nan."

4. Mai dai mai ne

Masu sayar da kaya za su ce maka man birkin keke iri biyu ne, kowane birki da nasa, in ka zuba wanda ba nasa ba robobin ciki su kumbura su lalace. Kasuwa suke nema wa kansu. Akwai ragowar man birkin mota a garejina, har da sirinjin da ake ba yara magani.

"Kawu, ga shi an rubuta a murfin nan kada a sa irin wannan."

"Kamal, in ana bin rubutun murfi da ba wanda zai sha magani a duniya."

Kafin ka fara, ci tsire, don aiki ba ya yiwuwa da yunwa. In ka riƙe faifan da hannun maiƙo za a ce maka ka kashe fad ɗin. Ni dai na ga faifan ya ƙara sheƙi. In ka cire taya kuma, matsa hannun birki ka ji lafiyarsa. Fad biyun za su haɗe baki su ƙi rabuwa, kamar matan biki sun samu labari. Raba su da wuƙar kicin. Matata Sadiyya har yau tana neman tata.

Da muka gama muka gwada a ƙofar gida, birki ya ci, har da wata ƙara kamar ta akuyar da aka taka wa wutsiya. Na ce ya jingine shi kada ya ƙara taɓawa sai Asabar. Yawan gwaji na masu raunin imani ne.

5. A bakin gangara, nemi hanya ta uku

Asabar da hantsi suka isa saman dutsen. Sanyi, busassun ganyaye ko'ina, ga 'yar siririyar hanya ta sulale ƙasa cikin duwatsu da saiwoyi. Dakta ya zo wa Kamal da wani keken aro. Dakta na can yana ɗaura hular kwano, Kamal ya sauke keken da muka gyara daga bayan mota, ya ɗan matsa birkin baya.

Hannun birkin ya tafi luuu har ya taɓa ƙarfe. Babu komai. Mai na tsiyaya a yatsunsa.

A nan mutanen banza hanya biyu suke gani. Ko ka faɗi gaskiya ka rasa yarinya, ko ka yi shiru dattijo ya gangara ba birki. Kamal ya kalli Dakta, ya kalli gangaren. Sai ya ɗora ƙafa a kan keken Dakta.

"Baba, ku dakata. Wanda ya yi gyara shi ke fara hawa."

Kafin Dakta ya ce uffan, ya tafi.

6. Yatsa ɗaya ake sa wa birkin gaba

Wannan matakin na manta ban gaya masa ba. Birkin gaba lafiyarsa ƙalau, don ba mu taɓa shi ba. Da Kamal ya ga dutsen farko ya taso masa, sai ya damƙe shi da yatsu duka. Taya ta tsaya cak. Kamal bai tsaya ba. Ya tashi ta saman keken ya sauka cikin ganyaye, shi kuma keken ya wuntsila ya ci gaba da tafiyarsa har ya gamu da wata bishiya a bakin rafi.

Dakta ya gangaro da ƙafa yana salati. Ya durƙusa, ya duba masa ido, ya lalubi wuya, ya taɓa kafaɗa. Kamal ya yi ƙara.

"Ƙashin kafaɗa ne. Kada ka motsa."

"Baba, rabona da keke mai tafiya tun ina firamare. Birkin ma ni na kashe shi."

"To me ya hana ka faɗa tun a sama?"

"Kunya, Baba. Amma wallahi ba zan iya tsayawa ina kallo ku hau shi ba."

Dakta ya daɗe yana kallon kekensa da ya lanƙwashe a gindin bishiya. Sannan ya tallabe Kamal suka nufi asibiti. Kamal ya ce mini wannan kallon ya fi kafaɗar ciwo, don ya riga ya sallama Aliyya.

7. Bar sauran ga uwar yarinya

Aliyya ce ta fara isowa. Ta wanke shi tas da Turanci, sannan ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka. Bayanta mahaifiyarta Hajiya Rahmatu ta shigo da kular farfesu. Ta dubi Kamal da hannu a rataye, ta juya ga mijinta.

"Keken fa, Dakta?"

"Ya tashi aiki."

"Ba ya gyaruwa?"

"Ba ya gyaruwa."

Hajiya ta ajiye kula, ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdulillahi! Shekara da shekaru duk Asabar ina zaune da waya a cinya, ina jiran a kira ni a ce in zo in ga abin da ya rage na mijina. Na yi magana, na yi fushi, na haɗa shi da yayyensa, a banza. Yaron nan da zuwansa ya gama mini aiki." Ta zuba farfesu ta miƙa wa Aliyya ta ba shi. "Sha, Kamalu, Allah ya ba ka lafiya da wuri. Akwai saura biyu a gareji."

Dakta ya cije leɓe don kada dariya ta kufce masa. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"In ya warke ya turo magabatansa. Amma ko famfon taya kada ya ƙara taɓa mini."

Gargaɗi

Aure na yi maka alkawari, ban yi maka alkawarin kafaɗa ba. Duk abin da ya karye a jikinka ko a garejin surukinka, tsakaninku ne, ba da yawuna ba. Wanda ke son ƙasusuwansa yadda Allah ya jera su, ya kai kekensa wurin masu gyara, su zuba man da aka rubuta. In kuma ka haɗu da Dakta Ladan a masallaci ya tambaye ka ko ka san wanda ya ba yaron nan man mota, ba ka san ni ba. Ranar ɗaurin aure ni ne waliyyin ango, kuma na riga na nemi a zaunar da ni kusa da ƙofa.