Rasuwar Dattijuwa, Laftof ɗin da Ta Ƙi Barin 2016

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da jiki a sanyaye, ni Zainulabidin Muhammadu Lawan na unguwar Dogo Nini nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar laftof ɗina, wadda mutanen gidanmu suka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin Kaumi mai gyara, bayan doguwar jinya ta ciwon agogo.

Marigayiya ta zo Potiskum sabuwa fil a kwalinta. Yayana Idrisu ne ya sayo min ita daga Kano, shekarar da na gama karatun aikin gona, domin in nemi aiki da ita. Ya ce kafin aikin ya fito in riƙa zama masa a shagonsa na tayoyin tirela. A 2016 ke nan. Har yau ina kan bencin shagon nan.

Mai haƙuri ce. Ta jure zafin Afrilu, ta jure wutar janareta, ta taɓa shan rabin kofin kunun tsamiya ba ta yi ƙorafi ba. Wanda ya taɓa zama kusa da ita zai tuna nishinta, fuuuu, kamar ana hura gawayi.

Ciwon ya fara a hankali. Da farko latti take yi kaɗan, sai ta ce azahar da saura alhali liman ya sallame. Daga baya duk lokacin da aka kunna ta sai ta farka a ɗaya ga Janairu, 2016. An nema mata magani iya ƙoƙari. Na gyara kwanan watan da hannu. Na duba yankin lokaci, na tarar ta ɗauka a Amurka take, na dawo da ita Afirka ta Yamma. Na umarce ta ta karɓi lokaci daga intanet. Takan amince da ladabi, amma ana kashe ta sai ta koma inda ta fito. Kaumi ya ce wani ɗan batir ne mai kamar kwabo ya mutu can ƙarƙashin allonta, sai an kwance ta gaba ɗaya, kuma bai yi alkawarin za ta tashi ba. Na ji tsoro, na bari. Babban batirinta ma ya riga ya mutu, don haka ba ta iya rabuwa da soket ɗin bango ko na ɗan lokaci.

A watan jiya wani kamfanin noma a Abuja ya gayyace ni jarrabawa ta intanet, da sharaɗin a yi ta a kwamfuta mai kyamara. Na daɗe rabona da wani ya ba ni amsa. Ran jarrabawar na saita agogo, na sa farar riga, na zauna. Ina cikin tambayoyin farko aka ɗauke wuta. Kafin Yaya ya tada janareta, Dattijuwa ta koma 2016, shafin kuma ya ƙi buɗewa, wai agogona na baya. Na gyara shekara, na gyara wata. Da shafin ya buɗe, sai ya yi min godiya, ya ce lokaci ya ƙare.

Yaya na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa duk warin fetur. “Zainu, ya aka yi?” Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya ce, “To, cire rigar nan mu tafi. Akwai motar Damagum tana jiran taya.”

Bayan nan ne na amince a yi mata aiki. Kaumi ya kwance ta, ya sa sabon batir, ya mayar da komai. Ta farka, muka saita ta, muka kashe, muka sake kunnawa. Ta nuna ranar da muke ciki daidai, har na miƙa masa hannu. Sai ta yi tiiit, fuskarta ta yi baƙi. Kaumi ya sunsuna ta, ya ce, “Malam Zainu, sai haƙuri. Babban allon cikinta ya ƙone.”

Ta bar caja guda mai ɗaure da salatif, da linzamin kwamfuta wanda gefensa ɗaya ne ke dannuwa, da jaka marar zif, da kuma ni.

Kaumi zai cire sassan da wata za ta iya amfana da su. Za a naɗe sauran a tsohon zanen Inna, a ɗora saman wardirof ranar Juma'a bayan la'asar. Ba a buƙatar taro. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi labarin Abuja. Za su same ni a shagon Yaya Idrisu, bayan tarin tayoyi, daga safe zuwa magariba. Kowace rana mutum ya zo, daidai ne.