Yadda Mahauci Zai Yi wa Kifi Bulala a Jajibirin Ista Bai Rasa Budurwarsa Ba

Kai mahauci ne a birnin Cork? Kwana arba'in ke nan gari yana azumin nama, kowa ya koma kan kifi, kai kuwa kana zaune a shago kana korar ƙuda? Kuma duk 'yan matan garin nan zuciyarka ba ta ga kowa ba sai 'yar mai kifi? Gyara zama. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka sha biki. Su ne maƙwabcina Donncha ya bi, a kan idona.

Mataki na ɗaya: Kada ka yi susa a taron mahauta

Ka dai san al'adarmu. Ranar Asabar a ɗaure busasshen kifi a kan doguwar sanda, a zaga gari ana zabga masa bulala, a jefa ragowarsa a kogin Lee don ya san mulkinsa ya ƙare. Da shugaban mahauta ya ce wa zai ɗauki sandar bana, sai Donncha ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya. Aka tafa masa.

Ga shi kuwa uwar Nuala budurwarsa, Gobnait mai kifi, ta ce ranar Ista za ta ba shi amsa kan maganar aure, ko e ko a'a.

Mataki na biyu: Sayi kifin a inda ba a san ka ba

Babu irin wannan wuri a Cork, amma ka gwada. Donncha ya naɗe fuska da mayafi, ya tafi can ƙarshen kasuwa wajen wata tsohuwa, Peig. Ya shaƙe murya ya nemi kifi ɗaya.

"Donncha, mura kake yi?" in ji Peig. "Ka gaida surukar taka."

Mataki na uku: Ɓad da kama

Masana sun tabbatar cewa gemu yana rufe rabin laifi. Donncha ya manna na ulun tunkiya, ya ari hular kawunsa. Da ayari ya biyo ta ƙofar gidansu, Nuala ta leƙo ta taga.

"Gemunka ya karkace," ta ce. "Kuma Mama tana kan gadar kogin Lee tana jiran ka."

Mataki na huɗu: Ka san rabonka

A bulala goma, uku na kifi ne, bakwai na mai riƙe da sanda. Kada ka yi ƙorafi. Tsuntsayen teku ma za su sauko, ba kuma koyaushe suke bambanta kifi da kunne ba. Kafin ayarin ya wuce coci, abin da ya rage a sandar Donncha ƙaya ce da ido ɗaya.

Mataki na biyar: In ka ga suruka, tsaya

Tana tsakiyar gada, hannu a ƙugu. Donncha ya cire gemun da kansa, ya riƙe shi a ƙirji kamar hula.

"Mama, ku yi haƙuri. Ni ba ni da wata gaba da kifi."

"Sauko min da sandar."

Ya sauko da ita. Ta shinshina ƙayar, ta ɗan lasa.

"Gishirin Peig ne."

"Don kada ranku ya ɓaci na..."

"Ɗan nan, shekara talatin kifina ake duka a garin nan. Nawa yana isowa gada da kansa da jelarsa. Dubi abin da ka kawo. Wannan ko harara ba zai iya ɗauka ba, ka sa mutane sun yi ta dukan iska."

Ta zaro wani ƙaton kifi daga aljihun zanen aikinta, ta ɗaure shi da kanta, ta karɓi bulala a hannun shugaban mahauta. Ta tsala masa guda, kifin ko gezau. Ta biyun a kafaɗar Donncha ta sauka, kuma har yau ba a daidaita kan ko kuskure ne ba.

Mataki na shida: Ci abin da aka ba ka

Ranar Ista bayan coci ya kai cinyar ɗan rago, mafi kyau a shagonsa. Aka gasa, ƙamshi ya cika gida. Gobnait ta yanka wa kowa, har kare ya samu. Shi kuwa aka ajiye masa kifi biyu da dankali.

"Na ba ka ita," in ji Gobnait. "Amma sai ka san abin da kake duka. Ci."

Nuala ta taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur. Ya ci, ya yaba, ya nemi ƙari. Ka lura, wannan ƙarin ba ya cikin matakaina. Kambamawarsa ce.

Gargaɗi

Wanda ya rubuta wannan ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya, ko tabon bulala, ko ƙaya a maƙogwaro, ko aure. Kada a kawo min ƙara, ba na gida. Mai neman ƙarin bayani ya samu Donncha a shagonsa kowace rana ban da Juma'a, domin ranar surukarsa take aiko masa da abincin da ta ce ya fi so.