Yadda Farfesa Ya Kayar da Namadi Zaɓe

Wani mutum ne a Tudun Wadar Zariya, sunansa Namadi, amma in ka kira shi haka ko waiwayowa ba zai yi ba. Sai ka ce Namadi Yatsa Goma. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma shi kaɗai ya halarci bikin.

A faɗi gaskiya, Namadi ya iya jita. Shekara goma sha biyar yana kaɗa ta a gidajen biki. In ya rungume ta ya sunkuyar da kai, har masu rabon abinci sai sun tsaya da faranti a hannu. Sai zamani ya juya. Masu biki suka daina neman mai jita, suka koma neman mai fiyano, wanda mutum ɗaya zai danna ka ji ganga, ka ji sarewa, ka ji algaita. Namadi ya ga kasuwa za ta tashi ba shi. Ya sayar da jitar, ya hau motar Kano, ya dawo da fiyano na hannu a ka.

Wata uku yana fama. Cikin yatsu goman nan, biyu ne kawai suka yarda su yi aiki. Sauran takwas suna sama a miƙe, kamar wanda aka sa wa lalle. Amma baki fa? Baki ya riga ya gama karatu.

"Fiyano? Ai wasan yara ne. Ni da na yi jita, wannan ko ina barci sai in danna."

Sai ya buɗe zaure a WhatsApp, ya sa masa suna Zauren Gwanayen Kiɗa na Arewa. Ya zuba makaɗa da mawaƙa da 'yan amshi har mutum ɗari biyu da wani abu. Ya kafa doka ashirin da bakwai. Doka ta farko, ba a musu da shugaba. Doka ta biyu, shugaba shi ne Namadi. Mutane suka zauna, don zauren yana da amfani: a nan ake jin inda ake neman makaɗi, a nan ake aron lasifika.

Ran nan ya ɗauki bidiyon kansa yana danna fiyano, ya tura zaure, ya rubuta: "Ku saurara ku ƙaru."

Shiru.

Ya duba da azahar, shiru. Ya duba da la'asar, sai ga saƙo ɗaya. Ya buɗe da rawar jiki. Baba Audi mai kalangu ne, dattijon zauren, yana cigiyar wanda ya ga hularsa a bikin jiya.

Abin ya ci wa Namadi rai. Washegari ya shiga kasuwa, ya sayi wata 'yar ƙaramar waya da sabon layi. Kafin rana ta faɗi ya sanar a zaure:

"Jama'a, ku miƙe tsaye. Na shigo muku da ubangidana, Farfesa Zubairu, malamin fiyano a birnin Alƙahira."

Uwani mai amshi, wadda bakinta ya fi reza kaifi, ta ce, "Ikon Allah. Alƙahira da lambar Nijeriya?"

"Layinsa na gida ne. Mutum ne mai kishin ƙasa."

"To ya yi mana saƙon murya mu ji."

"Likita ya hana shi magana. Maƙogwaro."

Namadi ya zaro ƙaramar waya daga aljihun hagu, ya rubuta: "Assalamu alaikum 'ya'yana. Na saurari kiɗan ɗana Namadi. A duk Afirka ban ga hannu irin nasa ba." Ya zaro babbar daga aljihun dama, ya amsa: "Haba Farfesa, ai koyarwarku ce." Ya kwanta yana murmushi har kunne.

To, ga inda gizo ya fara saƙa. Mutane suka fara yi wa Farfesa tambaya. Wani ya ce ganga tana tsere masa a tsakiyar waƙa. Wata ta ce muryarta tana shaƙewa in an hau sama. Namadi ya ga in Farfesa bai amsa ba asiri zai tonu. Kuma shekara goma sha biyar ta jita ba ƙarya ba ce, kunnensa ya san kiɗa. Sai ya riƙa amsawa. Da yake kuma babban mutum ba ya hayaniya, sai ya sa Farfesa ya zama mai sanyin hali.

"Sannu da ƙoƙari ɗana, ka rage sauri kaɗan, ka bi ƙafar mawaƙi."

"Madalla 'yata, ki ja numfashi kafin baitin, ba a cikinsa ba."

Aljihun hagu yana sa albarka, aljihun dama yana zage-zage. Farfesa ya ce "Allah ya yi albarka," minti biyu Namadi ya faɗo: "Wa ya turo hoton shinkafa a zaure? Doka ta goma sha huɗu! Zan cire mutum!"

Wata rana da safe ƙaramar waya ta yi ƙit. Uwani ce ta bi Farfesa ta bayan fage.

"Baba Farfesa, don Allah ka yi wa yaronka faɗa. Wallahi in ya danna fiyanon nan kamar an take wutsiyar kyanwa. Da jitarsa ya riƙe da ya fi masa. Amma kar ka ce ni na faɗa."

Namadi ya miƙe zumbur. Ya zauna. Ya sake miƙewa. Ya rubuta zagi layi shida, har da na kakanni, sai ya tuna wayar da ke hannunsa. Ya goge. Yana huci kamar kububuwa ya rubuta: "Ki yi haƙuri da shi 'yata. Yaro ne mai hazaƙa."

"Kai Baba, kai dai ba ka ganin laifin kowa."

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Kullum sai mutum biyar, shida sun kawo wa Farfesa ƙarar Namadi. Shi kuwa yana karantawa, yana haɗiyewa, yana ba da haƙuri. Har ramewa ya yi.

Da zaure ya cika shekara, Baba Audi ya kawo shawarar a haɗu ido da ido, a ci shinkafa, a zaɓi shugaba, don a mai da abin ƙungiya sosai. Namadi ya ce ya amince. Wa zai ja da shi? Ya ɗinka sabuwar shadda, ya haddace jawabin godiya.

Ranar Asabar bayan azahar aka cika wani ajin makarantar firamare, mutum sittin da biyu. Namadi ya hakimce a kujerar malami, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Baba Audi ya ce, "To jama'a, wa kuke so?"

Uwani ta miƙe. "Ni dai Farfesa Zubairu."

Aji ya ɗauka: "Farfesa! Farfesa! Sai Farfesa!"

Namadi ya sauke ƙafa. "Wane Farfesa? Mutumin da yake Alƙahira?"

"Zauren ma ai a waya yake," in ji Uwani.

Aka ɗaga hannu. Farfesa sittin da ɗaya. Namadi ɗaya, shi ma hannunsa ne.

Namadi ya miƙe. Ya ce, "Ina zuwa," ya ɗauki buta ya yi bayan aji. Yana dawowa wayoyi suka yi ƙit, ƙit, ƙit. Baba Audi ya sa tabarau ya karanta: "'Ya'yana na gode, amma ban cancanta ba. Ku nemi wani."

Wata mawaƙiya ta dafe ƙirji. "Allahu Akbar! Kun ji tawali'u? Irin wanda ba ya so ai shi ake ba wa!"

"Sai Farfesa!"

Namadi ya sake ɗaukar buta. Fit, ya fita. Fit, ya dawo. Ƙit, ƙit, ƙit.

"Na umarce ku ku zaɓi ɗana Namadi. Shi ne haske."

Uwani ta buga tebur. "Kun gani ko? Matsa masa ya yi! Ya je waje ya kira tsoho marar lafiya yana masa magiya! Kai Namadi, ba ka jin kunya?"

"Wallahi ban kira kowa ba!"

Ya sake miƙa hannu wajen buta. Baba Audi ya dube shi ta saman tabarau. "Namadi, cikin naka lafiya kuwa? Ko shinkafar ce?"

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce a rubuta sunan Farfesa a allo. Wani ya ce a cire dokoki ashirin da bakwai ɗin nan, Farfesa ya kawo nasa. Namadi yana tsaye da buta a hannu, yana kallon zaurensa, zauren da ya gina da katin wayarsa da barcinsa, ana miƙa wa mutumin da ya saya a kasuwa. Abin ya kai masa wuya. Ya yi jifa da buta, fanjam!

"Ni ne Farfesan!"

Aka dubi juna. Can sai dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa daga benci.

"Kai? Kai ne Farfesa?"

"Wallahi ni ne! Babu wani Zubairu! Babu Alƙahira!"

"Hassada ta taɓa masa kai," in ji wani.

"Farfesa da ya ce mini 'yata?" in ji Uwani. "Kai da ko gaisuwa ba ka amsawa?"

Ka ga mutum yana rantsuwa shi maƙaryaci ne, ana ƙaryata shi. Ya rantse da abin da zai kashe shi, ba wanda ya yarda. Sai ya zaro ƙaramar waya ya ɗaga sama.

"Uwani, kira lambar Farfesa!"

Uwani ta danna. Kowa ya zuba wa ƙaramar wayar ido.

Tililin, tililin, tililin.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Duk wanda ya taɓa kai ƙara ta bayan fage ya sunkuyar da kai, kusan rabin aji ke nan. Ban da Uwani. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To alhamdu lillahi. Maganar kyanwa dai ta isa inda na aike ta."

Baba Audi ya cire tabarau, ya girgiza kai. "Namadi, ashe ka iya mutunci, ka iya koyarwa, shi ne ka kulle su a ƙaramar waya, mu kake ba mu na babbar?"

Namadi ya dubi ƙaramar wayar da ke hannunsa. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "To tunda ni ne shi, ai ni na ci zaɓen ke nan."

Uwani dai ta sunkuya kan wayarta, ta buɗe sabon zaure nan take. Sai wayoyin Namadi biyu suka fara kuka tare, hagu da dama. Wane ya fita. Wance ta fita. Labari ya kai ga waɗanda ba su zo ba, su ma suka bi sahu. Kafin a kira la'asar, zauren mutum ɗari biyu ya koma mutum uku.

Baba Audi ne na ukun. Ya rataya kalangunsa, ya danna tasa fitar a gaban Namadi, ya dafa masa kafaɗa.

"Ga zaure nan mun bar muku, kai da Farfesa. Sai ku sake zaɓen tsakaninku. Amma ka shirya da kyau, ɗana, don wallahi ko a nan ma zai iya kayar da kai."