Ranar da Na Yi wa Kawu Miyar Gwangwani

Ko da zan manta komai na lokacin neman aurena, ba zan manta da wata Asabar ba, ranar da na tsaya a kicin ɗina ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, tukunya na tafasa a gabana.

A lokacin ina aiki a wani babban sito na kayan abinci a Idu. Wata damina rufin ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa katan-katan na kayan gwangwani, takardun jikinsu duk suka ɓare. Abin da ke ciki lafiya lau, amma wa zai sayi gwangwanin da bai san mene ne a cikinsa ba? Sai oga ya raba wa ma'aikata. Ni gwauro na kwashi rabona na jera a kanta, farare tas, duk kama ɗaya. A hankali na ƙirƙiro wa kaina ilimi: in ɗauki gwangwani, in kai kunne, in girgiza. Tumatir shiru yake yi, wake yana da nauyin murya, masara kuma surutu. Na canka daidai kamar sau huɗu a jere, daga nan kai ya kumbura (sau biyun da na kuskure kuwa ban gaya wa kowa ba).

To, ina neman Hafsat, magana ta yi nisa, saura amincewar kawunta, wanda shi ne waliyyinta. Manomi ne a Yangoji, dattijo mai ƙarancin magana, kuma a gidansu in ya ce a'a, an rufe zance. Ya ce ba zai ba da 'ya ga mutumin da bai ga inda yake kwana ba. Bai faɗi rana ba. Sai kawai ranar Asabar, gab da azahar, na ji sallama, na buɗe ƙofa na ga Kawu tare da Yaya Sani, wan Hafsat.

Bayan gaisuwa da ruwa, Kawu ya ce, "Kada ka wahalar da kanka, yaro, ba daɗewa za mu yi ba."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa na ce, "Haba Kawu, minti goma kacal. Akwai shinkafa dafaffiya, miya kawai zan haɗa."

Gaskiya miyar ba ta da wuya, na sha yin ta. Ka soya albasa da attarugu a man gyaɗa, ka zuba tumatirin gwangwani, ka ƙara wake da kifin gwangwani, ɗan gishiri da dunƙule, ruwa kaɗan, shi ke nan. Yaya Sani ya biyo ni kicin, ya ga jerin gwangwanayen ya yi turus.

"Kai, ya kake gane wanne ne wanne?"

Tambayar da nake jira ke nan. Na ɗauki ɗaya na girgiza a kunne, na ce tumatir. Na buɗe, tumatir ne. Ya ce, "A'a! Lallai kai oga ne." Daɗi ya kama ni. Na ɗauki na biyu, na lumshe ido kamar likita yana sauraron ƙirji, na ce wake. Na yanke marfin, kuma don in ƙara burge shi ban ko leƙa ba, idona cikin nasa, na kife gwangwanin a tukunya.

Abarba ce. Yankakkiyar abarba, da ruwan sukarinta duka, ta kwanta a kan albasa da attarugu.

Yaya Sani ya toshe baki ya jingina da bango, kafaɗunsa na rawa. Na ce masa cikin raɗa, "Don Allah Yaya, ka rufa min asiri." Na tsamo abin da ludayi zai iya tsamowa, na ce bari in ƙara tumatir ya danne zaƙin. Na lalubo wani ƙaramin gwangwani, na buɗe na juye da sauri. Madara ce (har yau in aka tambaye ni dalilin da ya sa ban leƙa ba a karo na biyu, ba ni da amsa). Miyar ta koma wani launi da ban san sunansa ba, tsakanin ja da fari. Na zuba kifi, na ƙara attarugu, na yi addu'a. Mai ya ƙare, albasa ta ƙare, ba halin sake wata miyar, kuma daga falo Kawu ya yi gyaran murya.

Na kai musu abincin. Kawu ya yi bismilla ya kai loma. Ya tauna, ya tsaya, ya ci gaba. A loma ta uku ya ɗago wani abu rawaya a cokali ya duba shi ta kowane gefe.

"Wannan wane irin nama ne?"

Na so in ce sabon girkin 'yan Abuja ne, har maganar ta zo bakina. Amma ga Yaya Sani yana share hawayen dariya da hularsa. Sai na sunkuyar da kai na faɗi komai, tun daga yoyon rufi har girgiza a kunne. Kawu bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya cinye abincinsa tas, ya sha ruwa kofi biyu, ya ce, "Allah ya yi albarka," suka tafi. Na zauna a gaban kwanuka na tabbata na rasa Hafsat saboda gwangwanin abarba.

Kwana biyu ban iya kiran ta ba. A na uku ta kira, da kyar take magana don dariya. Wai Kawu ya tara 'yan gida ya ce ya gama bincike. Yaron ba ya ƙarya ko da kunya za ta kashe shi, kuma kowa ya kwantar da hankalinsa, babu macen da ta taɓa taka wannan kicin. "A sa rana kusa," in ji shi, "kafin ya halaka kansa."

Yanzu shekarunmu shida da aure. Duk lokacin da muka je gaishe da Kawu, yakan tambayi Hafsat a gabana ko ina cin abinci, ta ce ina ci, ya ce, "Nasa ko naki?" Abin da na koya shi ne, na shiga kicin don in burge surukai, amma tausayi ne ya sama min mata, kuma ban ga dalilin in yi ƙorafi ba.