Rasuwar Layin Tsibiri

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika maƙil, Lesieli Vaipulu, mai kula da jadawalin kayan agaji na tsibiran Ha'apai, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Layin Tsibiri, wato layin sunayen tsibirai, wanda ya shekara tara a tsaye can gefen hagu na jadawalinta a kwamfuta.

Marigayin ba shi da hayaniya. Aikinsa ɗaya ne, ya gaya wa kowace lamba tsibirin da za ta. Ya ga guguwa uku da shugabannin ofis biyar, bai taɓa neman hutu ba. Ba a san shi da wata murya ba sai ɗan ƙiii ɗin firinta in tana fito da shi.

Ajali ya same shi ranar Talata. Lesieli ta haɗa jadawalin gidajen da guguwa ta fasa wa tankin ruwa da na tankunan da aka ware musu. Ta tara jimla tsibiri-tsibiri, marigayin na riƙe da kowa. Da ta zo zaɓen abin da za a buga, sai ta ɗauki jimlar, shi kuwa ta manta da shi. Kwamfuta, munafuka, ko tari ba ta yi ba. Shugaban ofis ya ga takarda fes, ya yaba da tsabtarta, ya buga hatimi, ya tafi taro birnin Auckland na sati uku. Gyararriyar takarda tana nan, amma ba hatimi, kuma siton tankuna ba ya buɗuwa sai da shi.

Ya bar marayun lambobi goma sha ɗaya, ba wadda ta san gidansu. Ya bar Kyaftin Manase, mai jirgin ruwa, wanda ya juya takardar gaba da baya ya ce, "'Yata, ashirin da bakwai ɗin nan na wane ne? Ko kifi zan kai wa?" Ya kuma bar mahaifiyar Lesieli a tsibirin Tungua, wadda guguwa ta fasa wa tanki, sati biyu tana dafa shayi da ruwa mai gishiri. Wannan ne ya fi ci wa Lesieli rai, kunya kuma kamar ta nutse.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma a tashar jirgi. A sa baƙaƙe, a ɗaura tsohuwar tabarma a ƙugu kamar yadda aka saba a makokin tsibiran nan. Jirgi zai tashi ba tanki ko ɗaya, da Lesieli a ciki, za ta je ta yi wa tsohuwa bayani da bakinta. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo fure. Kowa ya zo da jarkar ruwa, kuma don Allah a rubuta sunan tsibiri a jikinta.