Inda Marigayi Apisai Ya Taka

Ina shanya a bayan gida, nan unguwarmu a Lautoka, sai na jiyo muryar Sakiusa a ƙofar maƙwabciyata Torika, kakarsa. Na yar da zanin na tsallaka, don faɗan waɗannan biyun ya fi rediyo daɗi.

"Har yanzu dai ba ki mutu ba, tsohuwa?"

"Sai na binne ka tukuna, mijin banza. Ina burodin da na aike ka?"

"Na kawo abin da ya fi burodi." Ya zaro ɗan filashi na kwamfuta daga aljihu.

Bari in gaya muku tushen maganar. Da ciwon ƙafa ya zaunar da Apisai, mijin Torika, Sakiusa ne ya sa masa manhaja a kwamfuta mai kwaikwayon na'urar wasa irin ta da. Aibinta ɗaya: duk sabon abin da ta gani, wuta ko ruwa ko kogo, sai hoton ya yi shaƙuwa ya tsaya cak, har ta koyi zana shi ta ajiye a rumbunta. In an sake biyowa ta wurin, sumul. Yanzu Apisai ya rasu, ko zaman makoki ba a gama ba.

"Wani a Brisbane ya ƙare wasan kaf," in ji Sakiusa. "Rumbunsa na kwaso. In na zuba, shaƙuwa ta ƙare."

"Na Apisai fa?"

"Share shi za a yi. Wurin ɗaya ne."

"Taɓa ka gani, mai kai kamar ɓawon kwakwa. Inda hoto ya tafi sumul, ƙafarsa ta taka. Inda ya yi shaƙuwa, bai je ba. Sawun mijina za ka share ka zuba mini na baƙo?"

"Mijinki ai ga ni tsaye. Wancan ko gadar cikin wasan ya kasa tsallakewa. Ranar da muka kai shi asibiti a bakinta ya tsaya, ina kallo."

"To zauna ka tsallaka, jarumi."

Ya yaye ƙyallen da ta rufe kwamfutar da shi, ya kunna, ya kora ɗan mutumin cikin hoton zuwa gadar yana murmushi. Ya hau. Ba shaƙuwa. Ya sauka cikin wani daji mai hazo, fitilu na lilo a kan itatuwa, hoton na tafiya kamar an zuba masa mai. Murmushin Sakiusa ya ragu.

"Wa kika ba ya taɓa?" Ya juyo gare ni. "Ko ke ce, uwar gulma?"

"Ni da ko waya sai an danna mini?" na ce.

"Ni ce nake dubawa kullum da safe," in ji Torika. "Ina turawa gaba, da ya yi shaƙuwa sai in kashe."

Sakiusa ya yi dariya. "Ashe ke ce fatalwar. Duk shaƙuwar da kika jawo, manhajar ta koya ta ajiye. Gobe ki ƙara taku biyu ki ce shi ne."

"Taku biyu. To. Da safen nan a bakin waccan rijiyar ya tsaya mini. Wuce mu gani."

Ya wuce rijiyar. Ya wuce gonaki, ya gangara wani dogon kwari, ruwan sama ya sauko a cikin hoton, aka yi walƙiya, duk ba ko gezau. Ni dai na matsa kusa da ƙofa. Sai can bakin teku, gaban wata bukka da aka hura wa wuta a ciki, hoton ya yi shaƙuwa ya tsaya.

"Yau Apisai ya yi nisa," in ji Torika, a hankali. "Ƙafar ta warke ke nan."

Sakiusa ya ajiye abin danna wasan a kan tebur kamar mai zafi. Ya daɗe yana kallon bukkar.

"Ƙwanƙwasa mana," ta ce. "Ba kai ne mijin ba?"

"A'a, ba na shiga wa mutum ɗaki ba sallama." Ya mayar da filashin aljihu, ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito duka ba. "Mutumin nan ko a kabari bai bar mini ke ba. Na janye."

Ta miƙo masa kwanon rogo da madarar kwakwa. "Ungo, matsoraci."

"Na gode, amarya. A waje zan ci."

Ni ma a waje na ci nawa.