Katin da Ba Shi da Lago

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ta bakin teku ba, ranar da mahaifina ya kayar da ni a gaban jama'a alhali yana zaune a ƙofar gidanmu can ƙasar Haɗejiya, ni kuwa ina Doha. Amma bari in faro daga tushe, don ba a ranar na fara haƙa wa kaina ramin ba.

Aikina loda jakunkunan matafiya a filin jirgin saman Hamad. Da korona ta sauka jirage suka ɗauke ƙafa, aka ce kowa ya zauna a masauki. Mu shida a ɗaki, mun gaji da barci, mun gaji da waya, mun fara gajiya da fuskokin juna. Ana haka muka tsinci wani kwali a ƙarƙashin gadon wani ɗan Filifin da ya koma ƙasarsu. Wasan kati ne na kokawar Turawa. Kowane kati ɗan kokawa ne da hotonsa, da makinsa na ƙarfi da sauri da juriya, a ƙasa kuma an rubuta inda lagonsa yake. Mutum biyu su zari kati, su dinga jefa ɗan lido, wanda ya fara kai abokinsa ƙasa ya ci. Matsalar ita ce rabin katunan sun ɓace, sai muka fara yanka kwalin shayi muna yin namu.

Alƙalin wasan shi ne Muntari, ɗan Zangon Kumasi, wanda ke aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Abu Hamur. Shi kaɗai ya yi haƙurin karanta littafin dokokin, don haka ba mai ja da shi. Da aka buɗe gari, duk katin da ya amince da shi sai ya tafi da shi shago ya buga, ya rufe shi da leda mai ƙarfi, ya jefa cikin kwali. Daga nan katin ya zama na kowa, wanda ya zara shi ke wasa da shi. Sharaɗinsa biyu ne tak: maki ashirin za ka raba wa ɗan kokawarka, sannan dole ka rubuta masa lago na gaskiya, wanda abokin karawa zai iya kamawa.

Kowa ya yi nasa. Bitrus, ɗan Jos mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya zana tsohon hedimastansu, ya ba shi ƙarfi tara, amma in aka wuce zagaye uku tari ya kama shi. Muka yi ta dariya, katin ya shiga leda tun a satin.

Ni kuma na zana Baba.

Baba ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, Idi Gawo ake ce masa. Na tashi ina jin makaɗin garinmu yana masa kirari cewa gwiwarsa ba ta taɓa sanin ƙasa ba, na kuma haddace wannan kamar karatun allo. A shekarar korona ya yi jinya mai tsanani, ni ina nan ba halin tafiya. Ya tashi, amma da sanda. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, ina jin kamar na yi masa laifi. Don haka da na zo layin lago a katinsa sai hannuna ya ƙi. Ni da kaina in rubuta wa ƙattin ɗakinmu inda za su kama ubana su kayar? Na rubuta "Babu", na ja layi biyu a ƙasa.

Muntari ya juya katin gaba da baya, ya miƙo mini. "Ɗan'uwa, zanen ya yi kyau. Amma wannan ba ya shiga kwali. Khalas, magana ta ƙare."

Na yi masa bayanin tarihi, na rero kirarin, har na tashi na gwada yadda Baba ke shiga fage (a ɗakin da ko miƙa ba ka yi sai ka bugi gadon wani). Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai ƙaryata ni ba, amma kati ba kirari ba ne. Kati mai kyau, in ji shi, shi ne wanda za ka ji daɗi in ka zare shi, kuma ba za ka tashi ka bar wurin ba in abokinka ne ya zara.

Ni kuwa akwai taurin kai, Innarmu ma ta shaida. Na koma na gyara. A layin lago na rubuta "Yawan tausayi". Muntari ya tambaye ni ta yaya ake kama tausayi da ɗan lido, ya dawo mini da shi. Na sake zama na kwana biyu ina tunani, na fito da dabara: za a iya kayar da Idi Gawo idan ɗan lido ya ba da bakwai. Bitrus ne ya ɗauki ɗan lidon ya ƙirga fuskokinsa a gabana ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya lissafi, ya tsaya a shida.

Don a huta da ni, Muntari ya yarda a gwada katin sau ɗaya ba tare da leda ba. Na kayar da hedimasta, na kayar da mutum uku a bayansa, duka kafin shayi ya huce. Ina ɗaga kai na ga kowa ya koma kan wayarsa. Wani ma ya ce zai je wanki, mutumin da ba mu taɓa ganin ya wanke ko safa da son ransa ba. Mai hankali da ya gane. Ni na ce hassada ce.

Haka muka yi ta ja har kusan shekara biyu. Jirage suka dawo, aiki ya dawo, kwalin ya cika da katuna masu sheƙi, na Baba kuwa yana cikin aljihuna, gefensa duk ya lanƙwashe. Na rantse sai ya shiga leda yadda yake.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo. Mu 'yan Najeriya ba mu da bakin magana, tunda Ghana ce ta tare mana hanya, Muntari kuwa bai bari mun manta ba ko na yini ɗaya. Mutanensu na Zango suka cika gari. Ya shirya gasar katinmu a wata Juma'a da na samu hutu, a kan ciyawar Kornish, bakin tekun Doha, inda ake hango jiragen ruwan katako a ɗaure. Muka shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Mun kai mu ashirin, har da dattawa biyu daga Kumasi da tutar Ghana a wuya.

A nan shaiɗan ya raɗa mini cewa dama ta samu. Na fito da katin, na ɗaga murya na ce yau za a raba gardama. Muntari yana cewa ba ɗan kokawar da ba shi da lago, to ga Baba da kansa, zan kira shi kowa ya ji daga bakinsa. In ya ce babu, katin ya shiga leda. Muntari ya ce ya yarda. Bitrus ya taɓa ni ya ce ko in fara kiran a gefe tukuna. Na ture hannunsa, na kira wayar ƙanwata da bidiyo, na ƙure sauti.

Ga Baba a kan tabarma a ƙofar gida, sandarsa a jingine. Muka gaisa, ya gaisa da dattawan, aka yi ta addu'a. Na kawo katin daf da waya na ce shi ne na zana, na karanta masa makin, na karanta kirarin, na ƙarasa da alfahari: "Lago, babu. Ko ba haka ba, Baba?"

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. "Wane ne wannan?"

"Kai ne, Baba."

"A'a, ba ni ba ne. Ni gwiwata ta hagu tun ina saurayi ba ta da ƙwari. Duk wanda ya jure zafina na farko ya zagayo ta hagu ya sa taɗiya, to sai dai a ɗaga ni."

Na yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce Baba akwai barkwanci, na tuna masa kirarin makaɗi. Ya ce makaɗi ai aikinsa ke nan, shi ma da goro yake sallamarsa. Sannan, ba wanda ya tambaye shi, ya shiga lissafi. Wai Kawu Sabo, yayan Innarmu, ya kayar da shi kaka uku a jere. Kawu Sabo! Ɗan guntun dattijon nan mai sayar da albasa, wanda nake karɓar masa buhu don tausayi.

Ina neman inda zan danna in kashe, sai muryar Inna ta fito daga zaure, tar da ita: "Malam, gaya masa ta ranar kasuwa, da aka dawo da kai a amalanke."

Ɗaya daga cikin dattawan ya kwanta a ciyawa don dariya. Bitrus ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Muntari bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo, ya dai tsura mini ido cikin ladabi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ciyawar Doha a kan dutse aka dasa ta.

Baba bai san abin da ke faruwa a ɓangarenmu ba, ya ci gaba da zancensa. Ya ce a kaka ta huɗu ya koyi ɓoye ƙafar hagu a baya, ya bar Sabo ya zagayo kamar kullum, ya ɗauke shi sama. Ranar garin bai ci tuwo da wuri ba. Ranar ce kuma Sabo ya kakkaɓe jikinsa ya ce mutumin da ya faɗi sau uku ya dawo na huɗu, shi zai yi masa iso wurin iyayensu a kan maganar ƙanwarsa, wato Innarmu, da ma ita tuni ta yarda.

"In ka cire mini gwiwar nan, ka cire mini wannan ranar," in ji shi. "Wanda ba ya faɗuwa wa zai bar gonarsa ya zo kallonsa? Gyara abinka."

Kunya ta kama ni, amma wani abu ya fi kunyar nauyi. Shekara biyu ina tsare Baba daga faɗuwa a kan kwalin shayi, ashe shi abin da ya fi so a tarihinsa ke nan. Na karɓi biron Bitrus a wurin, na soke "Babu". Na rubuta gwiwar hagu: duk wanda ya kai zagaye na uku ya jefa biyar ko shida, ya taɗe shi. Muntari ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, cewa in aka kayar da Idi Gawo sau uku a zama guda, a karo na huɗu lagon ya rufe. Ya sa katin a aljihun rigarsa ya ce, "Yalla, shi ke nan, wannan ya shiga."

Yanzu shi ne katin da ake rububi a kwalin. Wanda ya zare shi yana murna, wanda zai kara da shi ma yana murna, don kowa na ganin yana da rabo. Na zana Kawu Sabo shi ma, da buhun albasarsa, ya shiga leda a karon farko ba gardama.

Ranar da aka fara wasa da su biyun, ni na zari Baba, Bitrus ya zari Kawu, ya kuwa shimfiɗe ni a zagaye na uku. Na kira gida na kai ƙara. Baba ya tambaya sau nawa. Na ce sau ɗaya. Ya ce to saura biyu, in daina damunsa.

Abin da na koya dai bai da yawa. In za ka yi kati, bar masa inda za a kama shi. In kuma za ka rantse a kan tarihin mahaifinka a gaban 'yan Ghana, fara kiran mahaifiyarka a gefe.